Sahu na Huɗu

Laraba, 3 ga Janairu

Sanyi ya sauko da gaske. Ma'aunin sanyi na kan sha huɗu ƙasa da sifili lokacin da na fita tatsar shanu, ruwan kwanon kare ya zama dutse. Motata mai lantarki ta kwana a jone, batir cike fal, amma da na kunna sai allo ya nuna min kilomita 270 kawai cajin zai kai ni. A watan Yuni 380 take nunawa. To ina sauran? Wa ya cinye su?

Bari in rubuta in gani da idona, ko hankalina ya kwanta. Daga ƙofar gidanmu zuwa asibiti a Suwalki kilomita 48. In kai Baba wankin ƙoda ƙarfe sha ɗaya. In juyo gida saboda tankar madara da ke zuwa ƙarfe ɗaya, in ƙara wa murhu itace kada famfo ya daskare. In koma in ɗauko shi ƙarfe uku, mu dawo kafin tatsar yamma. Sahu huɗu, kilomita 192, Litinin da Laraba da Juma'a. Ko a 270 ɗin ma akwai rara. Ba abin tashin hankali.

Mun shigo gida da saura 31. Ba haka na auna ba.

Juma'a, 5 ga Janairu

Saura 24.

Leszek ya bugo ina tsaka da wanke kayan tatsa. Yayana ne, amma tun da ya koma gari ya samu bene mai bututun ɗumi a bango yake min magana kamar wani shugaban ofis. "Yaya motar taki?" Na ce lafiyarta ƙalau. "Ba ki dai manta abin da na faɗa ranar Kirsimeti ba ko?" Ina zan manta. A gaban abinci, a gaban matarsa, ya ce duk ranar da motar nan ta bar Baba a hanya, ko sau ɗaya ne, ranar zai zo ya kwashe shi ya kai gidansa, tunda tsakaninsu da asibiti tafiyar minti biyar ce. Baba ya ajiye cokali ya ce gawarsa ce za ta bar gidan nan, ba shi ba. Ni kuma na bugi tebur na ce ai ina raye.

Shekara tara ni ke ɗauke da shi, tun rasuwar Mama. Ni ke masa wanki, ni ke yanke masa farce, ni ke dafa masa abinci ba gishiri yana ci yana zagina. Yanzu mai zuwa da kek sau ɗaya a wata ne zai koya min riƙon uba.

Motar asibiti akwai, na sani. Ƙauyuka shida take zagayawa, awa uku a hanya. Bara sau biyu aka sauke min Baba da amai a gaban riga. Na rantse ba zai sake shiga ba.

Asabar, 6 ga Janairu

Pan Wincenty, maƙwabcinmu (a nan Pan ake ce wa namiji, mace Pani, don girmamawa), ya jingina da shinge yana kallon wayar da na jawo ta tagar kicin zuwa mota. "Pani Genia, an jona dutsen guga? In ya yi zafi ga wandona na coci." Tun da na sayo ta wasansa ɗaya ne, kuma kullum shi ke fara dariya.

Baba ma bai bar ni na huta ba. Wai in ciro batirin in shigo da shi ya kwana kusa da murhu, haka yake yi wa tsohuwar motarsa ta dizal duk lokacin sanyi. Na ce Baba, batirin nan ya fi bijimin Wincenty nauyi, shi ne duk ƙasan motar. Ya ce to wane mahaukaci ne zai ƙera abin da ke tsoron sanyi kuma ba a iya shigo da shi ɗaki? Har yau bai yafe min sayar da tsohuwar tasa ba, motar da sai an tura ko an kwara mata ruwan zafi take tashi.

Solar da na ɗora a rufi, wadda na yi ta cika baki za ta ba mu tafiya kyauta, tana ƙarƙashin dusar ƙanƙara tun kafin Kirsimeti. Wannan ban faɗa wa kowa ba.

Litinin, 8 ga Janairu

Ashirin da biyar ƙasa da sifili. Gashin hanci yana daskarewa.

Da safe ta nuna 215. Na ce ba komai, in na dawo da rana zan jona ta awa biyu. Soket ɗin kicin kuwa ɗigo-ɗigo yake ba ta, awa biyun ba su ƙara abin kirki ba. Sahu na huɗu muka baro asibiti da 52, hanya 48. Na ce mun tsira. Ashe ƙarya take min. Kowane kilomita ɗaya muka ci sai ta zare fiye da ɗaya. Muna wuce gada sai ga hoton kunkuru a allo, rawaya, alamar batir ya kusa ƙarewa, na taka ta ƙi gudu. Na kashe hita, na kashe duk abin da ake kashewa, ina mata magana kamar saniyar da ta ƙi tashi. Ko ƙarfe huɗu ba ta yi ba duhu ya fara rufawa. Ta ja jiki, ta ja jiki, har ƙofar Wincenty, ta tsaya cak. Ga rufin gidanmu can ina hange.

Wincenty bai yi wasan guga ba, wannan na yaba masa. Ya ɗora Baba a tarakta ya kai gida, ya dawo ya jawo waya daga rumfarsa ya jona min. Na ce Pan Wincenty, don Allah kada maganar nan ta isa Suwalki. Ya ce shi bai ga komai ba, dama idonsa ba ya gani da yamma. Na kai masa cuku guda. Matarsa ce abin tsoro, ita da matar Leszek aji ɗaya suka yi a makaranta.

Da Baba ya samu ya zauna gaban murhu sai ya ce, "Ai ba a hanya ta bar mu ba. A ƙofar maƙwabci ne." Na yi dariya, amma kuka ya fi kusa. Na tsorata yau, ba kaɗan ba.

Talata, 9 ga Janairu

Na kira wanda ya sayar min da motar. Murya kamar man shanu. Wai 380 ɗin a yanayi mai kyau aka gwada, ba iska, ba sanyi, ba tudu. Na ce a wace ƙasa kenan, in ƙaura? Wai ai kowa ya san batir yana raguwa da sanyi. Na ce ranar da kake nuna min launin kujeru ba ka cikin kowa? Wai hita ce ke shanye kusan kashi ɗaya cikin uku, in riƙa rage ta. In kuma da gareji mai ɗumi da ta fi haka. Na ce da ina da gareji mai ɗumi da na kira ka? Na kashe wayata.

Laraba, 10 ga Janairu

Na gwada cajin gari. Kan caji biyu ne a bayan babban kanti, ɗaya ya lalace an ɗaure masa leda tun Nuwamba. Ɗayan wani mai tasi ya riga ni, yana ciki yana barci baki buɗe. Minti hamsin ina jira, sannan ita ma motar tawa ta ce batir ya yi sanyi, a hankali za ta sha. Tankar madara ta zo ta tafi ba na nan. Famfon kicin ya daskare, sai da na yi ta bin sa da tsumma da ruwan zafi.

Kuma daga wurin cajin ana hango benen Leszek. Duk zaman nan kaina a ƙasa kamar wadda ta yi sata. Ba zan sake ba.

Alhamis, 11 ga Janairu

Bayan tatsa Baba ya kira ni, ya zaunar da ni kamar zai raba gado. Ashe ya ji duk abin da mai motar ya faɗa, kunnen nan nasa sai abin da bai ga dama ba ne ba ya ji.

"Gareji mai ɗumi kike nema? Kina da shi. Shanu sha biyu ne ke hura shi."

Na ce haba Baba, mota a cikin kashin shanu? Ya ce shekarar da sanyi ya kashe duk itatuwan tuffa, a ɗakin shanun nan suka kwana uku da Mama da Leszek yana jariri, kuma ga shi nan bai mutu ba, sai iyayi. Na ɗauki ma'auni na je don in ƙaryata shi. Waje ashirin ƙasa da sifili, ciki takwas sama. Soket ɗin injin tatsa ma ya fi na kicin ƙarfi nesa ba kusa ba, duk watannin nan yana nan ban taɓa tunawa ba.

Hita kuma, a cewarsa, lalacin mutanen yanzu ne. Da can in za su coci a amalanken doki a kan dusar ƙanƙara, kakata takan gasa jan tubali biyu a murhu, ta naɗe a tsumma, a sa ƙarƙashin ƙafa, a lulluɓa da rigar fatar tumaki. Tafiyar kilomita ashirin ba mai ko atishawa. In an tashi komowa kuma a sake gasa su a gidan da aka sauka. Ya sa na hau rufi na sauko da rigar kakana, tana warin shekara hamsin.

Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ƙodar ta tsaya. Yana tsaye da sanda yana ba da umarni, ni ina janye buhunan dusa. "Dama, dama, wai wa ya ba ki lasisi?" Na shigar da ita tsakanin bango da Malina, saniya mai cikin nan. Malina ta lashe madubi tas.

Juma'a, 12 ga Janairu

Ta nuna 262. Allah sarki shanu.

Hita a kashe tun daga gida. Baba a baya a naɗe sai hanci, tubali ƙarƙashin ƙafa. Ni a gaba kujerata tana da nata ɗumin, sitiyari ma haka, su ba sa cin komai. Kujerar baya ba ta da shi, amma can yake so don ya miƙe ƙafa bayan wanki. Gilas yana yin hazo da numfashinmu, sai na zuge tagata faɗin yatsa ɗaya, shi kenan ya washe.

Da rana na mayar da tubalin murhu, na koma da su da zafinsu. Mun shigo da saura 70. Na karanta masa lambar sau biyu. Ya ce, "Je ki faɗa wa yayanki."

Pani Aldona, nas ɗin da ke sa masa allura, ta shinshina ni a ƙofa ta ce ashe na canza turare.

Litinin, 15 ga Janairu

Saura 64. Wincenty ya leƙo ya ce dutsen guga ya koma saniya ta sha uku, yaushe za ta haihu. Sabon wasa dai, an gode Allah.

Laraba, 17 ga Janairu

Ranar banza.

Malina ta tashi haihuwa da rana tsaka, ɗan ya zo da ƙafar baya, ga tanka tana ta hon a ƙofa. Hannuna har kafaɗa a cikinta, ina ja ina addu'a ina zagi. Ko wanka ban yi ba na fita, duk da haka na makara minti arba'in. Na tarar da Baba a bencin baranda shi kaɗai, fuska kamar toka. Muna shiga mota ya taɓa tubalin da ƙafa ya ce, "Genia, ba ki gasa su ba."

Na fashe. Na ce hannu nawa gare ni? Shanu ni, murhu ni, madara ni, asibiti ni, yanzu har duwatsu ma sai na yi musu girki? Na ce in ba zai iya jure awa ɗaya ba, ga Leszek can da ɗuminsa, ya faɗa min in juya mota yanzun nan in kai shi. Abin da na ce kenan. Na rubuta don haka na ce.

Mace Malina ta haifa, ta rayu.

Juma'a, 19 ga Janairu

Saura 58. Na tambayi Baba a hanya ko yana jin sanyi, ya ce zufa ma yake.

Lahadi, 21 ga Janairu

Leszek ya zo da kek ɗinsa. Ya nemi mota a tsakar gida bai gani ba, na ga idonsa ya yi haske, ya ɗauka tana wurin gyara. Na ce je ka gai da shanu. Ya dawo yana dariya har da hawaye, wai a ba shi izini ya ɗauki hoto ya nuna a ofis. Baba ya ɗaga sanda ya ce dabararsa ce, duk mai dariya ya yi da shi. Nan take ya haɗiye.

Kan tebur ya ce, "Baba, ka rame." Baba ya ce wa zai yi ƙiba da miyar ƙanwarka. Sai tari ya kama shi, ya ɗan daɗe. Leszek ni ya kalla. Kallon nan nasa ya fi zagi ciwo. Na kwashe kwanoni tun bai gama ci ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Sha takwas ƙasa, ga iska. Saura 49.

Tarin bai tafi ba. Na ba shi shayi da zuma rabin kofi, tunda ruwa ma a aune yake sha. Pani Aldona ta tare ni ta ce in riƙa lulluɓe shi sosai in ya fito, wai bayan wanki jikinsu ba ya riƙe ɗumi. Na ce mutumin da ke cikin fatar tumaki daga wuya har ƙafa? Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, ta fasa. Kowa ya zama malami a kaina.

Juma'a, 26 ga Janairu

Saura 61. Na fara gane halin motar nan. Kada gudu ya wuce saba'in, in bar ta ta gangara da kanta a tudu, kada in taɓa hita. Saura kaɗan in fara son ta.

Litinin, 29 ga Janairu

Sun riƙe Baba a asibiti. Tun safe jikinsa zafi, ya ce ba komai. Nimoniya, huhu biyu. Na dawo ni kaɗai.

Talata, 30 ga Janairu

Pani Aldona ta same ni a baranda. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi.

Ta ce kusan sati biyu kenan, in an cire masa allura sai ya roƙe ta ta bar shi ya ɗora ƙafafunsa a bututun ɗumi na bango, minti biyar, kafin in iso. Ta tambaye shi dalili. Ya ce mota ba hita, tubali sanyi ƙalau, iskar taga kuma duk baya take zuwa. Ta ce to za ta faɗa wa 'yarsa. Ya damƙe mata hannu ya ce kada ta kuskura. "In ta ji, gari za ta kai ni."

Za ta kai ni, ya ce. Ni kenan, ba Leszek ba.

Na fita wurin mota na buɗe ƙofar baya. Suna nan ƙarƙashin rigar, cikin tsummansu. Da safe nakan gasa su, wannan ban taɓa fashi ba, shi ya sa a kaina nake ganin ana gasa su. Da rana kuwa, na tsaya na tuna ɗaya bayan ɗaya, tun ranar haihuwar Malina ban sake fitar da su daga mota ba. Shi bai sake tambaya ba, ni ban sake tunawa ba. Sau biyar ya dawo gida bayan wanki, ba ƙarfi a jikinsa, ƙafa a kan dutse mai sanyi, ni ina gaba bayana ɗumi hannuna ɗumi, idona a kan allo.

Kuma sittin ɗin nan da nake shigowa da su ina murna, me na yi da su? Da na kunna hita da rabinsu da mun iso gida da ɗumi, da saura. Tun ranar kunkurun nan tsoro ya shige ni, nake tara su kamar za a tambaye ni a lahira.

Na zauna a inda yake zama. Ban yi minti biyar ba gwiwata ta fara ciwo. Kunya nake ji, ban san da me zan wanke ta ba.

Laraba, 31 ga Janairu

Mun yi da Leszek a wurin ajiye motoci, mutane na wucewa. Ya ce na sa tsoho mai shekara tamanin da ɗaya a firji don kawai kada in ce ya yi gaskiya. Na ce ina kake shekara tara? Na ce ka taɓa wanke masa zanin gado ko sau ɗaya? Duk na zazzage masa.

Ya bari na gama. Sai ya ce maganar ƙofar Wincenty tun washegari ya sani, matar Wincenty ta bugo wa tasa. Ya riga ya ɗauki makulli zai taho, Baba ya kira shi ya roƙe shi. Wai kada ya yi min haka, gidan zai yi min girma ni kaɗai.

Sai na ce masa rigarsa ta yi masa kaɗan. Ban san daga ina ta fito ba.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

An cire wa Baba abin numfashi. Abin da ya fara tambaya lafiyar 'yar Malina. Na ce tana tsalle. Na gyara masa filo, na sake gyarawa, sannan na ce Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba?

Ya ce, "Na faɗa sau ɗaya."

Juma'a, 9 ga Fabrairu

An sallame shi, gidan Leszek. Likita ya ce ba doguwar hanya sai sanyi ya wuce, ni kuwa ba ni da bakin musu. Baba ya sa sharaɗi a gabanmu duka, zuwa tsakiyar Maris, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Ya ce in ba a kai shi ba a ƙafa zai taho. Na haɗa masa jaka ɗaya, ƙarama, da gangan.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Ƙarfe goma na tsinci kaina a ɗakin shanu da makulli a hannu. Na tsaya kamar sakara, shanu na kallona.

Miya ma har yau ba gishiri nake yi. Sai na kai baki nake tunawa.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ƙanƙara ta fara narkewa, tsakar gida duk caɓi. Na fitar da mota daga wurin shanu na wanke ta. Ta nuna 330. Yanzu take nunawa, marar kunya, da ba inda zan je.

Wincenty ya shigo ya tambayi lafiyar Baba, ya zauna ya sha shayi bai yi wasa ko ɗaya ba. Hakan ma ya ba ni haushi.

Lahadi, 17 ga Maris

Na je ɗauko Baba. Na share ɗakinsa tun jiya, na sa sabon zanin gado, na kunna hita har ƙarshe tun daga gida ina zufa ni kaɗai.

Shi ya buɗe min ƙofa da kansa. Ba sanda. Ƙafarsa a silifa, ko safa babu, ban tuna rabon da in ga yatsun ƙafar Baba a watan Maris ba. Kumatu sun ɗan ciko. Wai yanzu a ƙafa yake zuwa wanki, shi da wani tsoho na hawa na biyu da suke layi ɗaya, uku da kwata yana kan gado yana barci. Da yamma su yi karta. Ya yi ta ba ni labarin yadda mutumin ke maguɗi. Shanu sau ɗaya ya tambaya.

Na duba bayan ƙofa, na duba gefen gado. Jakar tana saman durowa, ba komai a ciki.

Bayan abinci ya yi ta juya kofi. Ya ce, "Genia, likita ya ce Afrilu ma akwai sanyi." Leszek ya sunkuyar da kai, na san ba likitan da ya ce haka. Baba ya ci gaba, "Ko zuwa bayan bikin Ista, mu gani." Bai kalle ni ba. Sai can ya ce, "Kin yi fushi?"

Na ce fushin me, ai dama so nake in yi wa ɗakin fenti, ya hutar da ni.

Leszek ya rako ni har ƙasa. Na shirya masa amsa tun a matakala, amma sai kawai ya ce in riƙa zuwa cin abinci ran Lahadi, Wincenty zai iya duba shanu. Na ce zan gani.

Har yanzu ni dai a wurina gida ya fi masa, iskar gari ba iska ba ce, kuma matar Leszek tana sa masa gishiri, na ɗanɗana. Zan yi mata magana.

Ran Laraba zan kai masa rigunansa marasa nauyi da takalmin coci, su ya ce in kawo. Na ɗora hoton Mama na kan durowarsa a saman kayan. Wannan bai tambaya ba.